Masu Ƙure Sauti, Ku Tausaya Wa Kunnuwanmu

A makon nan wani ɗan'uwa ya turo mini karatun wani malami da aka ɗauka a masallaci, ya ce lallai in saurara. Na ɗora a kwamfutar ofis na kunna. Malam yana magana, amma duk inda ya ɗaga murya sai kalmar ta fashe, ayar da yake jawowa ta dagule, sifika ta riƙa ƙugi. Da na bi diddigi, sai aka ce mini yaron da ya tace karatun ne ya ƙara masa ƙarfi da wata manhaja don a ji shi sosai a waya. Asalin ɗaukar kuwa an goge shi, wai memori ya cika. Ilimin da bawan Allah ya kwana yana bita, an lalata shi da danna maɓalli ɗaya. Abin ya tsaya mini a rai har yau.

Wannan ɗabi'a ta zama ruwan dare. Ka leƙa shagon masu tura waƙoƙi da finafinai, ko wurin masu buga takardu, ko ɗakin masu tace bidiyon biki, da wuya ka rasa kwamfutar da aka cusa wa manhajar ƙara sauti. Wasu ma ba sa buƙatar sauke komai, domin VLC da kowa ke kallo da ita tana bari a wuce 100 zuwa 125, wanda ya shiga saitinta kuma ya kai ta 200. Yaro yana ganin lambar ta haura sai ya ɗauka ya ci riba.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Sautin da ke kwamfuta lambobi ne, kuma lambobin suna da iyakar da ba sa wucewa. Kamar mudu ne: in ya cika ya yi tozo, duk abin da ka ƙara zubewa zai yi. Idan manhaja ta ninka ƙarfin muryar da dama ta kusa iyaka, sai kwamfuta ta datse saman igiyar sautin ta zubar. Wannan datsewar ce kake ji a matsayin tsagewa da ƙarce-ƙarce. Idan a lokacin kallo ne, ka rage ta dawo daidai. Idan kuwa a lokacin tacewa ne aka ajiye fayil ɗin a haka, to abin da aka datse ya tafi ke nan, babu gwanin da zai dawo maka da shi yadda yake. Ita ma sifika tana shan wahala, domin datsattsen sauti yana dumama siririyar wayar da ke naɗe a cikinta fiye da ƙima, musamman ƙananan nan na tebur. Shi ya sa za ka ga sabuwar sifika ta soma dishewa tun kwalinta bai yi ƙura ba, a ɗora laifin a kan mai kanti.

Na san abin da za a ce: ga janareta yana ruri a bakin ƙofa, ga sifikar ba ta da ƙarfi, ga fim ɗin kansa maganarsa ƙasa-ƙasa, waƙa na shigowa kuma sai ka zabura. Gaskiya ne, amma wannan ciwon na rashin daidaito ne, kuma maganinsa yana nan cikin kwamfutar kyauta.

Tun Windows Vista da ta fito a 2007, akwai Volume Mixer, inda kowace manhaja ke da nata ma'auni. Za ka iya rage ƙarar shafin intanet, ka bar ta karatu ko ta taron da kake halarta a sama, ka kashe ƙarar sanarwar nan da ke tsinka maka zuciya. Shekaru kusan 20 ke nan, amma da yawa cikin masu wuni a gaban kwamfuta ba su taɓa buɗe shi ba. Wanda yake son mai sauƙin sarrafawa, akwai EarTrumpet, ita ma kyauta ce. A kwamfutoci da dama, cikin saitin sifika akwai Loudness Equalization, aikinsa ya ɗaga maganar da ta yi ƙasa ya danne wadda ta yi sama. Mai tacewa kuma yana da Audacity, wadda ba a biyan ko sisi, tana ɗaga murya zuwa dab da iyaka ta tsaya, har ma tana iya shafa jan layi a duk inda sauti ya fashe. Da yaron nan ya san wannan, da karatun malam ya tsira.

Waɗanda suka riga mu shiga wannan rigima sun daɗe da fita. A 2010 Ƙungiyar Kafafen Yaɗa Labarai ta Turai ta fitar da ƙa'idar R128 don daidaita ƙarar shirye-shirye, a shekarar kuma Amurka ta yi dokar da ta hana tallan talabijin ya fi shirin da ya katse ƙara. YouTube da Spotify ma, idan ka ɗora musu abin da ka ƙure wa sauti, rage shi suke yi ya yi daidai da na kowa. Wato mawaƙinmu ko mai tace wa'azinmu ya fasa muryar, sannan ƙarar da ya fasa ta dominta an karɓe. An yi ba a yi ba ke nan.

Sifika dai ana sayen wata. Kunne fa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan 1 na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraron sauti. Ma'auninta a fili yake: babba zai iya jure ƙara mai ƙarfin desibel 80 na awa 40 a mako, amma da ta kai 90 sai lokacin ya dawo awa 4 kacal. Ƙananan ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne idan suka mutu ba sa sake tsirowa. To ku dubi yaron shagon turi, yana zaune tun hantsi har bayan isha'i, sifika tana dukan ƙeyarsa, maigidansa ya hana a rage wai don masu wucewa su san shagon na nan. Ka yi masa magana sai ka maimaita sau biyu. Wannan zalunci ne, ko da maigidan bai san yana yi ba. Ka ɗauki ɗan mutane aiki da kunnuwa lafiyayyu, ka mayar wa iyayensa shi yana jin shuuu a ka dare da rana, wa zai biya shi?

Ba yau na fara kuka da lasifikokin biki da na masu tallan magani a unguwa ba. Hukumar kare muhalli ta NESREA tana da dokar ƙayyade ƙara tun 2009, amma mai jego da mara lafiya da ɗalibi mai jarrabawa har yanzu haƙuri kawai ake ba su. Ɗabi'ar ɗaya ce daga kwamfutar shago har dandalin biki: mun ɗauka wanda ya fi ƙara shi aka fi ji, alhali mai saurare toshe kunne yake yi ya wuce.

Don Allah masu tace karatun malamai da waƙoƙi, ku riƙa ajiye asalin ɗauka, kada ku goge shi sai kun saurari abin da kuka fitar daga farko har ƙarshe. Masu shaguna, ku cire manhajojin ƙara sautin nan, ku juya sifika ta kalli waje, ku rage ta yadda yaranku za su ji abokin ciniki ba sai ya yi ihu ba. Kai kuma mai karatu, idan ka kai 100 ba ka ji sosai, ka nemi sifika mai kyau, kada ka wuce nan.