Raddi ga masu cewa tsatsa ba ta wuce fatar ƙarfe

Har yau akwai injiniyoyin da ke cewa idan faifan tabain na injin jirgin sama ya tsage da wuri cikin zafi, laifin miƙewar da ƙarfe ke yi sannu-sannu ne a ƙarƙashin nauyi, oksijin kuwa iyakarsa fata. Maganar ta dame ni, domin da irinta ake ƙiyasta tsawon ran faifai.

Sun ce tsaga tana ƙara sauri idan aka riƙe nauyi na ɗan lokaci a kowane zagaye na ɗora nauyi da sauke shi, wannan kuwa halin miƙewa ne. To, a ɗauki Inconel 718, gaurayen nikel da ake ƙera irin wannan faifai da shi, a gwada shi a zafin digiri 650, wani a sarari, wani cikin akwatin da aka zuƙe iskarsa. Zafi ɗaya, nauyi ɗaya. A sarari tsagar gudu take, tana bin iyakokin ƙwayoyin ƙarfen. Inda babu iska tafiyar hawainiya take. Da miƙewa ce kaɗai, ina ruwanta da iska?

Sun kuma ce kuromiyam, kusan kashi 19 cikin ɗari na gaurayen, yana yin ɓawo mai kare ƙarfen. A shimfiɗaɗɗen waje haka ne. A bakin tsaga kuwa kowane zagaye yana fasa ɓawon, ya tone sabon ƙarfe. Masu bincike Andrieu da Pineau da abokan aikinsu sun nuna a 1992 cewa tsatsar nikel da baƙin ƙarfe, wadda ba ta tare iska, ita ke fara fitowa. Ta kuromiyam sai daga baya, a ƙarƙashinta. Kafin ta kammala, oksijin ya riga ya shige iyakokin ƙwayoyi. McMahon na Jami'ar Pennsylvania ya ƙara da cewa nauyin da kansa ke jan oksijin ciki, ya raunana haɗin ƙwayoyin tun kafin tsatsa ta taru.

Hujjar waɗancan injiniyoyi mafi ƙarfi ita ce tsatsa kan cika tsaga ta hana ta rufewa sarai, har ta rage mata sauri. Na yarda, amma sai a ƙaramin nauyi, inda tsagar da ƙyar take buɗewa. Nauyin tashin jirgi ya fi ƙarfin wannan 'yar tsatsa nesa.

Alƙaluman da suke dogara da su galibi na gwaji mai sauri ne, zagaye da yawa a daƙiƙa ɗaya, inda oksijin ba ya samun lokacin shiga. Faifan da ke cikin jirgi kuwa mintuna yake yi da nauyinsa cikin iska mai zafi.