Wane Gida Ne Ke Cin Lafiyayyen Abinci a Mairi?



A ƙasashen Turai, abincin da aka noma ba tare da yawan magani da takin zamani ba yana da tsada, don haka masu hali ne suka fi sayensa. Wasu a nan suna ɗauka haka abin yake a wajenmu, wai lafiyayyen abinci sai mai albashi. Ni ban yarda ba. Duk wanda ya leƙa tukwanen unguwar nan zai ga cewa kuɗi kaɗai ba su ke yanke hukunci ba.

Mu fara da gidan mai albashi, irin na ma'aikatan Jami'ar Maiduguri da ke maƙwabtaka da mu. Shi ne ke iya sayen buhun gero da na wake tun da kaka, ya ƙara da kifi da 'ya'yan itace. Amma a irin gidajen nan ne kuma lemon kwalba da farin burodi da soye-soye suka fi samun gindin zama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, sai ga shi ana zuba dunƙule huɗu ko biyar a miya ɗaya, a kuma ƙara gishiri. Nan hawan jini ke samun ƙofa.

Sai ɗalibai da ke ɗakunan haya. Su Indomie da ƙwai ne safe da dare, saboda saurin dahuwa da tsimin gas.

Na uku shi ne gidan mai neman na yau: ɗan Keke Napep, lebura, da 'yan uwanmu da rikici ya koro daga Bama da Konduga da Gwoza. Da yawansu manoma ne, babu wanda zai koya musu amfanin gero da wake. Matsalarsu ita ce awon kullum. Mai sayen gwangwani-gwangwani ya fi mai sayen buhu biyan tsada, ga shi wake na cin gawayi. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota ya hau kan kowane kwano. Sai uwa ta zaɓi abin da zai cika ciki da sauri, ko da bai gina jiki ba.

Na huɗu, wanda a ganina ya fi kowa dacewa, shi ne gidan da ke da tsohuwa mai kula da madafa. Ita ce ke yanka kuɓewa ta shanya lokacin da take araha, ta ajiye kuka da yakuwa da zogale, ta sa daddawa da ɗan kifi banda na Tashar Baga, ta tuƙa tuwon gero ko ta yi burabusko. Kuɗin da take kashewa bai kai na gidan farko ba, amma yaranta sun fi cin ganye da hatsi mai ƙarfi. Hukumar nan dai ta ce a ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace kullum, kuma wannan gida ne ya fi kusa da hakan.

Ke nan abubuwa uku ne ke raba gidajenmu: samun kuɗi a dunƙule lokacin kaka, abin hura wuta, da sanin girkin gargajiya.

Akwai kuma batun inda abincin ya fito. Gero da dawa da wake su ne suka saba da ƙarancin ruwan samanmu, wake ma ƙara wa ƙasa ƙarfi yake yi. Kayan lambun Alau da shinkafar fadamar Jere ba sa doguwar tafiya kafin su iso mu, kuma kuɗin na komawa hannun maƙwabci. Ambaliyar 10 ga Satumba 2024, da madatsar ruwan Alau ta ɓalle, ta nuna mana yadda tukunyarmu ke rataye da gonakin nan. Sai dai kasancewar abu na gida bai isa ya wanke shi ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari a cikinsa, kuma hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi kan zuba Sniper a hatsi. Waken da Turawa suka ƙi, mu ne muke dafa wa 'ya'yanmu irinsa.

Wani zai ce mai jin yunwa ba ya zaɓe. Gaskiya ne, shi ya sa ban ɗora laifi a kan kowace uwa ba. Nauyin yana kanmu a ƙungiyance. Ina ba shugabanninmu shawara a buɗe adashen kaka, gida goma ko ashirin su haɗa kuɗi a sayi gero da wake kai tsaye daga manoma, a raba da kwano. A adana waken cikin buhun PICS mai ninki uku, wanda ke kashe ƙwari ba tare da magani ba. A jiƙa wake tun da dare don a rage gawayi, itatuwanmu ma su huta. Duk gida mai ɗan fili ya dasa zogale, ruwan alwala ma ya ishe shi. Iyayenmu mata da suka iya haɗa garin Tom Brown na gero da waken soya da gyaɗa su koya wa amare da masu goyo.

Don Allah a sa wannan cikin abubuwan da za a tattauna a taronmu na gaba, tun kafin kaka ta wuce farashi ya tashi. Wanda ke da wata shawara ya kawo ta.

Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya, Ya sa albarka a abin da muke ci. Amin.