Wa Ke Riƙe da Rumbunmu?

A 2000 aka baje gumakan Nok na ƙasar Jaba a gidan tarihi na Louvre. Sai a 2002 Faransa ta amsa cewa na Nijeriya ne, amma ta riƙe su aron shekara 25. Muka yi ta kururuwa. To ga shi yau ɗalibi a Kafanchan yana tattara waƙoƙin Tyap da Jju, yana zuba su da hannunsa cikin Google Docs, watau rumbun kamfanin Amurka. Dokar kare bayanai ta 2023 sunansa da lambarsa take tsarewa, ba waƙoƙin ba. Alhali LibreOffice kyauta ce, rubutu cikin kwamfutar mai shi yake kwana. Me ya hana jami'o'inmu gina nasu rumbun, in ba lalaci ba?