Ƙuri'ar Raba Gardama: A Ji Tambaya Kafin A Dangwala

Ya 'yan'uwana talakawan Anka da Gummi da Bukkuyum, mun saba da zaɓen mutum. A ce ga wane, ga alamarsa, mu dangwala. Amma akwai wata ƙuri'a wadda tambaya a ke ajiye wa jama'a, su amsa i ko a'a, watau ƙuri'ar raba gardama. Tsarin mulkin 1999 ya tanade ta a sashe na 8, in za a yanka sabuwar jiha ko ƙaramar hukuma, da sashe na 69 da na 110, in jama'a za su yi wa wakilinsu kiranye. Da a ka yanke Zamfara daga Sakkwato ran 1 ga Oktoba 1996 ba a tambayi kowa ba, gama soja ke mulki. To, ran da a ka tambaye mu fa, yaya za mu amsa?

Mu ɗauki darasi daga mutanen Mubi da Ganye da Gwoza, ƙasar da a da a ke kira Kamaru ta Arewa. A watan Nuwamba 1959 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa a ka tambaye su, ko su shiga Jihar Arewa ta Nijeriya, ko a jinkirta magana. Manya sun sakankance za a ce i. Sai mutum 70,546 su ka ce a dakata, 42,788 kaɗai su ka yarda. Babban dalilinsu shi ne sun gaji da mulkin En'e daga nesa. Wannan amsa ta tilasta a ka kafa musu nasu En'e-En'e. Da a ka sake tambayarsu a Fabrairu 1961, har mata su ka jefa ƙuri'a, sa'an nan 146,296 su ka zaɓi Nijeriya, 97,659 su ka zaɓi Kamaru. Kun gani, sai da su ka ga canji a ƙasa kana su ka amince.

Ga kuma kishiyar wannan a maƙwabciyarmu Nijar. Ran 4 ga Agusta 2009 Shugaba Tanja Mamadu ya kira ƙuri'ar tazarce don ya ƙara wa kansa shekara uku, bayan ya rushe kotun da ta hana shi. A ka ce fiye da kashi 92 cikin ɗari sun yarda. Ran 18 ga Fabrairu 2010 soja su ka kifar da shi. Wanda zai ci moriyar amsa shi ya tsara tambaya, ina alheri zai fito?

Sabo da haka ga shawarata. Da fari, ka sa a karanta maka tambayar da Hausa, kalma kalma, daga bakin wanda ba ya neman kome a ciki. Na biyu, ka tambaya me zai sake washegari: wa zai karɓi harajin kasuwa, wa zai raba rigimar gona, ina asibiti zai zauna? Mu mutanen Yargalma da mu ka binne yara a annobar gubar dalma ta 2010 mun san nisan asibiti ba abin wasa ba ne. Na uku, ka tuna ɗan majalisa shekara huɗu zai yi a sake zaɓe, amma iyakar da a ka shata jikokinka za su gada.

In an ƙi yi maka bayani, ana ta gaggauta ka da gishiri da atamfa, ka ce a'a, kada ka yi cinikin biri a sama. Ko jam'iyyarmu ce ta kawo tambaya, ka auna ta da wannan mudu. Allah ya ba talaka basira, amin.

Magatakardan Jam'iyya, Yargalma