Baƙin Taya da Darasin da Ke Cikinsa

'Yan'uwana ɗalibai, ko mun taɓa tambayar kanmu abin da ya sa tayar mota take baƙa wuluk, alhali ƙaron itacen roba fari ne fat kamar madara? Dalili shi ne ana cuɗa robar da wani baƙin gari mai kama da kunkunniya, wanda ake samu ta hanyar ƙona mai. Ƙwayoyinsa ƙanana ne ainun, yawancinsu ba su kai kashi ɗaya cikin 10,000 na milimita ba.

Ita roba, da leda, da nailan, duk wasu dogayen zarurruka ne da ido ba ya gani, sun cukuikuye da juna. Idan aka ja su sai su zame. Amma da an barbaɗa garin nan a tsakaninsu, sai zarurrukan su manne a jikin ƙwayoyin, su daina zamewa, tsaga kuma in ta taso ta rasa hanyar wucewa. Magina na gargajiya sun san irin wannan hikima, shi ya sa suke kwaɓa ƙasa da ciyawa.

A ƙarshen shekarun 1980 masu bincike na kamfanin Toyota a Japan suka cuɗa nailan da yumɓu, abin da bai wuce kashi 5 cikin 100 ba. Nailan ɗin da ke lanƙwashewa a zafin digiri 65 sai ya jure har wajen 150. Sirrin kuwa shi ne sun warwatsa yumɓun filla-filla. In ya dunƙule wuri guda, nan ne abin zai fara tsagewa.

To, ga inda gizo ke saƙa. Nijeriya tana da itatuwan roba a jihohin Edo da Delta, tana da mai, tana da yumɓu. Duk da haka Michelin ya daina yin taya a ƙasar nan a 2007, Dunlop ya bi bayansa a 2008. An ɗora laifi kan rashin lantarki da kwararowar tayoyin waje, kuma da gaskiyarsu. Amma a ganina ko an gyara waɗannan, muddin sanin haɗin yana hannun baƙi, mu 'yan kallo ne.

Don haka ina kira ga ɗaliban kimiyya da su daina raina wannan fanni, ma'aikata kuma da ke tsara kasafi su tuna da ɗakunan gwaji na jami'o'inmu. Allah ya sa mu gane.