Kyanwar ado da kyanwar rumbu

Daga Funtua zuwa Malumfashi, inda kaka ke cika rumbuna da shaguna da masara da dawa da waken soya, kyanwa ma'aikaciya ce. Ita ke hana ɓera huda buhu, kuma ba ta bukatar wanka, domin harshenta mai kaushi shi ne sosonta da matajinta. Amma yanzu hotunan kyanwar Farisa mai dogon gashi sun cika Facebook da TikTok, matasa na sha'awar sayenta. A ganina, wanda ba shi da lokacin taje ta kullum bai kamata ya kawo ta nan ba.

Dalilin yana jikinta. Gashinta ya fi ƙarfin harshenta, in aka bar shi kwana kaɗan sai ya cukurkuɗe a hammata da bayan kunne da ƙarƙashin ciki, ya riƙa jan fata har ya zama gyambo, ƙuma ta samu maɓoya. Ƙara da ƙurar hunturu, da ƙarangiyar da ke maƙalewa a jela, da zafin bazara mai kaiwa digiri 40 ga dabbar da gajeren hancinta ke wahalar da numfashinta. Wani zai ce ai sai a yawaita yi mata wanka. Ruwa kuwa ƙara ɗaure kitsattsen gashi yake yi, sai an warware shi da mataji tukuna, kuma sabulun wanki na busar da fatarta. Mafi muni shi ne shafa mata maganin feshin gona ko na kaskar kare: sinadarin permethrin da ke cikin da yawansu kashe kyanwa yake yi, saboda hantarta ba ta iya sarrafa shi.

Masu cewa kuɗinsu ne, ra'ayinsu ne, suna da gaskiya, kiwon ado ba laifi ba ne. Sai dai hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ya nuna cewa tsare dabba ɗaukar amana ne. Kuɗin da za a kashe kan baƙuwa guda zai yi wa kyanwoyin gida da yawa allurar ciwon haukan kare da maganin tsutsar ciki a wurin likitan dabbobi. Ita kyanwar gida ba ta neman komai sai ruwa, da ɗan abinci, da a daina zuba gubar ɓera a inda take farauta.