Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Maginan Karkara

Zuwa ga magina da masu haƙa rijiyar burtsatse,



Makaranta, ɗakin shan magani, rijiya da masai na jama'a duk a hannun magini suke tashi, kuma aikinsa ne ke yanke ko gurgu da makaho za su shiga ko za su tsaya a waje. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2019, ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda kowa zai iya shiga. Wa'adin ya cika a 2024, dokar kuwa ba ta ware ƙauye ba.

Mashiga ce farkon abin dubawa. Duk inda aka yi matakala, a yi gangare a gefenta. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce, kowane tashin santimita 1 a ba shi tsawon santimita 12. Dakali mai tashin santimita 30 ke nan yana buƙatar gangaren mita 3 da santimita 60. Wanda ya fi haka tsayuwa yakan kifar da keken guragu. Kada a goge simintin gangaren ya yi santsi, kuma a kafa ƙarfen riƙewa a gefe. Ƙofa ta kai faɗin santimita 90, dokin ƙofa kuma ya yi daidai da daɓe.

Masai ya fi ko'ina wahalar da mai rarrafe, domin tafin hannunsa ne ke taka ƙasa. A ɗaga masa mazauni, a kafa abin dafawa, a karkata daɓen yadda ruwa ba zai kwanta ba, ƙofar kuma ta buɗe ta waje.

A bakin rijiya, hannun famfo ya sauko inda mai zaune zai kama. A rufe kwata, a share hanya daga duwatsu, a yi mata ɗan gefe da sandar makaho za ta bi.

Kafin a ja igiyar awo, magini ya nemi Sarkin Guragu da Sarkin Makafi na yankin, tare da mata masu naƙasa, su faɗi abin da ke hana su shiga, su kuma gwada aikin kafin a miƙa shi. Gangaren da aka zuba tare da harsashi ya fi araha a kan wanda za a fasa gini a ƙara daga baya. Tsoho da mai juna biyu ma da shi za su amfana.

Allah ya sa albarka a sana'a.